Monita ɗaya don aikin ofis da PS5: wacce zan saya a Ikeja?

Sagiru Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta, kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Ina aiki da wani kamfanin fiton kaya a Apapa, kuma saboda wahalar hanya an yarda mana mu riƙa yin wasu ranakun daga gida. Aikina duk Excel ne da takardun kwastan, sai taron Zoom jefi-jefi. Laftof ɗina HP EliteBook ce tokumbo mai inci 14. Idan na buɗe takardar kaya a gefe ɗaya, lissafi a ɗaya gefen, sai rubutun ya koma kamar ƙwayar gero. Kafin la'asar idanuna sun fara yaji, wuyana ya riƙe, ga shi lamba ɗaya ka kuskure a takardar kwantena, kai da barci sai wani satin.

Sannan ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayi PS5, na'urar wasan bidiyo ta Sony. Talabijin ɗaya ce a falo, kuma da yamma ta uwargida da yara ce, ba na son in riƙa tada su. Nufina in sa tebur a uwar ɗaki, monita guda ta yi mini aiki da rana, da daddare mu buga ƙwallo a kanta. Ni wasan ƙwallon FC kawai nake bugawa, shi ne mai wasan harbi na Call of Duty.

Na leƙa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, na dawo kaina ya fi ɗaurewa. Wani mai shago ya ce in ɗauki mai lanƙwasa, inci 32. Na gaba da shi ya ce in ba 4K ba ce asarar kuɗi ne. Wani yaro kuma ya dage sai mai 240Hz, wato mai sauya hoto sau 240 a daƙiƙa. Abin da ke hannuna naira dubu 300 ne, in ya kama zan iya ƙara kaɗan a ƙarshen wata. Wutarmu kuma kun san ta, muna da ƙaramin inbata mai batir ɗaya da janareta na ko-ta-kwana.

Sabuwa ko tokumbo? Inci nawa? Kuma laftof irin tawa za ta iya jan babbar monita? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Otigba ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sagiru. Gyaran kwamfuta nake yi a nan Ikeja, monita kuwa kullum sai ta biyo ta teburina, ko dai an kawo gyara ko an ce in raka mutum ya saya. Bari in gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena.

Fara da lissafin lokaci. Awa bakwai ko takwas za ka yi kana kallon rubutu, wasa kuwa awa ɗaya ko biyu. Don haka abin da za ka fara biya wa kuɗi shi ne tsabtar rubutu, gudun hoto ya biyo baya. Tsabtar rubutu kuma ba girman allo ke kawo ta ba, yawan ɗigon da aka cusa a kowane inci ne. Monita mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye in inci 24 ce, kana samun ɗigo kusan 92 a inci guda, rubutu ya fita lafiya. Ka shimfiɗa wannan adadin a inci 27, ya sauka zuwa wajen 82, gefen haruffa ya fara tsatsa. A inci 32 bai ma kai 70 ba. Da yawa daga cikin manyan masu lanƙwasar nan da ake sayarwa da araha, 1080 ne a cikinsu. Daga bakin shago da bidiyon kifaye a kai suna ɗaukar ido, amma ka zauna gabansu da Excel, ciwon idon da ka gudo wa shi za ka tarar. Wannan ka cire ta daga lissafi.

Abin da ya dace da kai inci 27 ce mai 2560 da 1440, wadda 'yan kasuwa ke kira 2K ko QHD. Ɗigonta kusan 109 ne a inci, kuma filin aikinta ya fi na 1080 da kusan kashi 78 cikin ɗari. Takardar kwantena a hagu, lissafi a dama, kowanne da cikakken faɗinsa, ba ka matse ido ba. Wannan shi ne ainihin abin da ka zo nema.

Maganar 4K kuwa, wato mai 3840 da 2160, tana da kyau, babu musu. Amma a inci 27 rubutunta ƙanana ne ƙwarai, dole ka sa Windows ta ƙara girmansa zuwa kashi 150, sai ka ga filin da ya rage maka daidai yake da na 1440. Ga kuma laftof ɗinka. Yawancin tsofaffin laftof ɗin ofis irin taka kafar HDMI ɗinsu 1.4 ce, ita kuma 4K a kan 30Hz take tsayawa, linzamin kwamfuta ma sai ka ga yana jan ƙafa. Amma 1440 a kan 60Hz tana ja ba matsala. Duba gefen laftof ɗin, in akwai kafar USB-C mai alamar walƙiya ko harafin D, to tana fitar da hoto, sai ka sayi kebul daga USB-C zuwa DisplayPort ka bar wa PS5 kafar HDMI. Mai 4K da ke ba da 120Hz kuwa tana buƙatar HDMI 2.1, kuma kuɗinta ya wuce abin da ka ambata.

Irin gilashin: IPS za ka nema. Launinsa ba ya canzawa in ka kalla daga gefe, kuma ku biyu za ku zauna gabanta. TN ka bar shi, da ka ɗan karkata hoton ya kwashe. VA baƙinsa ya fi zurfi, kusan ninki uku na IPS, yana da daɗin kallon fim a duhu, sai dai masu araharsa suna barin inuwa a bayan abu mai gudu.

Yanzu abin da masu shago ba sa faɗa, wani lokaci don su ma ba su sani ba. PS5 ba ta da DisplayPort, HDMI kaɗai gare ta. Akwai monitocin da aka rubuta 144Hz a kwalinsu, amma ta DisplayPort kawai suke ba da shi, ta HDMI sai su tsaya a ƙasa da haka. Don haka tambayar da za ka yi ita ce: kafar HDMI ɗinta 2.0 ce, kuma tana karɓar 1440 a kan 120Hz? Sony ta ƙara wa PS5 fitar da 1440 a watan Satumba na 2022, kuma a cikin saitin hoto akwai wurin gwada ko monitar na karɓa. Irin su LG UltraGear 27GN800 ko Gigabyte M27Q misali ne na ajin da nake nufi, ba wai lallai su ba. Farashi ba zan faɗa ba, domin yana bin dala, na wannan makon daban da na gobe. In sabuwa ta fi ƙarfinka, wannan ajin ana samun tokumbonsa.

In tokumbo za ka ɗauka, kada ka biya sai da laftof ɗinka a hannu. Ka sauke hotuna biyar tun daga gida: fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi. Ka cika allon da kowanne, ka kawo fuskarka kusa. Ɗigon da ya mutu a fari yake fitowa, wanda ya maƙale da haske a baƙi. A baƙin kuma ka duba kusurwoyi huɗu ko haske na tsiyaya, a farin ka duba ko wani gefe ya yi rawaya. Ka gwada kowace kafa, ba wadda mai shago ya riga ya jona ba kawai. Ka shiga saitin allo na Windows ka ga Hz ɗin da take bayarwa da idonka. Ka juya bayanta ka karanta takardar da ke manne, akwai wata da shekarar da aka ƙera ta. Ka bar ta a kunne kamar minti ashirin, saboda layin da ke fitowa a allo sau da yawa sai ta ɗauki zafi yake bayyana. Sannan rasit: lambar jikin monitar da kwanakin garanti a rubuce, da sunan shago. Kuma ka shiga shago da ƙafarka, kada ka bi yaran da ke tare mutane a bakin titi.

Ɗan Idi-Araba ya amsa:

Yaya Sagiru sannu da ƙoƙari. Oga Injiniya ya yi bayani, amma ni ta ɓangaren wasa zan shigo, don nan ne na fi sani.

Wanda ya ce ka sayi 240Hz bai yi maka adalci ba. PS5 iyakarta 120Hz, duk abin da ya haura haka kuɗi ne ka biya ba za ka taɓa ganinsa ba, sai dai in nan gaba za ka haɗa kwamfutar wasa mai katin hoto. Kuma FC ɗin da kake bugawa, wanda ake kira FIFA kafin 2023, hoto 60 yake fitarwa a daƙiƙa a kan PS5. Ko monitar ofis mai 60Hz ta ishe ka. Ƙanenka ne zai amfana, domin Call of Duty tana da 120 a PS5, kuma wallahi bambancin a fili yake. A 60 kowane hoto yana zama kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, a 120 kuwa 8 da ɗan wani abu. In ka juya da sauri, a 60 komai sai ya dushe, a 120 kana ganin mutum sarai.

Inda na ɗan saɓa da Oga shi ne girma. Ni inci 24 nake amfani da ita, AOC 24G2, IPS ce, 1080, 144Hz. Ga mai harbi ta fi, saboda duk allon yana cikin idonka, ba sai ka juya kai ba. Kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. Da ni ne da kuɗin nan, sai in ɗauki irin wannan, canjin in sayi kujera mai kyau. Teburin uwar ɗaki a gidajen Agege ma nawa yake? In bai da zurfi, inci 27 a kan hancinka za ta zauna.

Kada kuma rubutun 1ms da ke kan kwali, wato saurin da ɗigo ke sauya launi, ya ɗauke maka hankali, kusan kowa yana rubuta shi, kuma a wani saiti ake auna shi da ba wanda ke wasa da shi. Haka HDR400, saitin ƙara haske da launi, hasken bai kai ya nuna wani abin kirki ba, ni a kashe nake barinsa. FreeSync ma, mai daidaita gudun monita da na wasa, ka sani cewa PS5 ba da shi take aiki ba, nata irin wannan tsarin, VRR, na HDMI 2.1 ne. In monitar ba ta da shi ba abin damuwa ba ne, wasa zai tafi.

Abu na ƙarshe, in ka jona, ka shiga saitin PS5 ka tabbatar 120Hz a kunne yake, sannan ka zaɓi yanayin gudu maimakon na kyan hoto. Mutane da yawa sun sayi monita mai tsada suna ta wasa a 60 ba su sani ba.

Maman Hanifa ta amsa:

Salamu alaikum. Malam Sagiru, ni akanta ce, daga gida nake yi wa wasu 'yan kasuwar Mile 12 lissafi, don haka ciwon wuya da yajin idon da ka faɗa na san su.

Abin da na ga ba a taɓo ba shi ne ƙafar monitar. Yawancin na wasa masu sauƙin kuɗi ƙafarsu ba ta hawa ba ta sauka, sai dai ta ɗan sunkuya. Wuyanka kuwa ba ruwansa da Hz. Ya kamata saman allon ya zo daidai da idonka ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, nisansa kuma tsawon hannunka in ka miƙe shi. Ni Dell P2419H nake da ita, tokumbo, irin wadda ofisoshin Turai ke sauyawa. Tana hawa, tana sauka, tana juyawa ta tsaya a tsaye, kuma in ina duba doguwar takardar banki a tsayen nake sa ta, shafi guda ya fito cif. Ga mai takardun kwastan wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In wadda ka zaɓa ƙafarta ba ta motsi, duba bayanta ko akwai ramukan kusa huɗu, masu tazarar santimita 10 tsakaninsu. In akwai, za ka iya sayen hannun ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen tebur daga baya, kuma zai rage maka cin wuri.

Ka nemi mai gilashi marar ƙyalli. Kada ka sa tebur taga na bayanka, hasken zai riƙa dawowa cikin idonka, kada kuma ka fuskanci tagar. A gefe ya kamata ta kasance. Monita daga shago a ƙure haskenta yake zuwa, da ka kai gida ka rage shi har farin allon ya yi daidai da farar takarda a ɗakin. Da daddare ku bar ƙwan fitila ɗaya a kunne in za ku yi wasa. Likitocin ido suna cewa duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. In kuma yajin bai daina ba bayan ka canza allo, don Allah ka je a auna idon, wataƙila tabarau yake nema.

Game da gardamar 24 da 27, ni ina bayan Injiniya duk da cewa tawa 24 ce. A 1080 takardu biyu gefe da gefe suna shiga, amma Excel mai ginshiƙai da yawa sai ka yi ta ja hagu da dama. Tunda aikin ne ke ciyar da gidan, shi za a fara duba wa. Ƙanenka zai saba da 27.

Kuma tunda akwai yara, ka matsar da ita jikin bango, kebul ɗin ka ɗaure su ta baya. Tsumma mai laushi kawai za a riƙa goge ta da shi, kada a fesa ruwa a kan gilashin.

Sagiru Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Hajiya, maganar taga ta zo daidai, inda na yi niyyar sa teburin taga ce a bayana, zan juya shi. Na auna teburin, zurfinsa santimita 60 ne. Injiniya, na duba laftof ɗin, akwai USB-C mai alamar walƙiya. Hankalina ya kwanta a kan 27 mai 1440, IPS.

Saura tambaya uku. Sauti fa, tunda na ga da yawa ba su da sifika? Wani abokin aikina yana da doguwar nan mai faɗi sosai, inci 34, ya ce ita ce ta Excel, ko in duba ta? Sai babbar damuwata, wuta. Inbatan namu batir ɗaya ne mai 200Ah, fanka da fitilu da talabijin yake ja. Zai ɗauki wannan ƙarin?

Injiniya Otigba ya amsa:

Madalla. Santimita 60 zai yi in ka tura ta ƙarshen tebur, in ƙafarta mai faɗi ce ta cinye wurin sai ka bi shawarar Hajiya ta hannun ƙarfe.

Doguwar mai inci 34 ga Excel tana da daɗi, gaskiyar abokinka. Amma PS5 ba ta san wannan fasalin ba, hoton 16 da 9 kawai take fitarwa, sai dai ka ga baƙi hagu da dama ko hoton ya miƙe, 'yan wasa su yi faɗi. Ga mai na'ura biyu irinka ba ta dace ba.

Sauti: jikin PS5 babu kafar sifika, amma hannun wasan yana da ramin abin kunne, wanda ma ya fi dacewa da dare in yara sun kwanta. In ku biyu ne kuna son ji tare, ka tabbatar monitar tana da ƙaramar kafar fitar da sauti a baya, sai ka jona ƙananan sifiku. Yawancinsu suna da ita, amma ka duba kafin ka biya.

Wuta kuwa, monitar ba ita ce matsalarka ba. Mai inci 27 tana cin wat 25 zuwa 40, ya danganta da hasken da ka sa. Mu ce wat 30 na awa takwas, bai kai rubu'in yunit ba. Ko a farashin Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, da aka kai naira 225 a yunit a watan Afrilun 2024, bai wuce naira 54 a yini ba. PS5 ce mai ci, wajen wat 200 take ja in ana wasa. Batirinka mai bolt 12 da 200Ah a takarda wat 2,400 ne na awa guda, amma in kana son ya yi ƙarko rabin kawai za ka riƙa sha, wato 1,200. Laftof da monita tare za su kai ka har yamma. PS5 da monita da fanka da talabijin ɗin falo kuwa, cikin awa uku zuwa huɗu sun kai shi rabi, ku kwana da zafi. Ku bar wasan sai akwai wuta ko an tada janareta, ko ku yanke masa lokaci.

Abin da ya fi kawo mini monita gyara shi ne dawowar wuta da ƙarfi da kuma sauyi tsakanin janareta da layi. Ka jona ta ta bayan inbata, ko ka sayi na'urar nan mai jinkirta wuta da ake sa wa firiji da talabijin, kuɗinta kaɗan ne. Da damina in aka fara tsawa ka zare filogi gaba ɗaya. Ni na fi son monita mai caja a waje, irin na LG masu bolt 19, domin in wuta ta buga sau da yawa cajar ce ke ƙonewa, ka sayi wata a ci gaba. Mai lantarki a ciki sai an buɗe ta. In tokumbo ce mai caja, ka tabbatar tata ce ta asali, bolt da amfiya su yi daidai da abin da aka rubuta a bayan monitar. Laimar Legas ma tana taɓa allo, kada ka jingina ta da bangon da ke tsattsafo, kuma kada ka bar ta wata da watanni a kashe cikin leda.

Ranar ɗaukowa ka karɓi kwalinta da soson ciki, ko tokumbo ce ka sa su naɗe ta da kyau. A tsaye ake ɗaukar ta, ba a kwance ba, kuma kada a ɗora komai a kan gilashin. Kada ka shiga danfo da ita a cunkoson yamma. Ka zo da safe a ranar aiki, kasuwar ta fi sauƙi kuma za a ba ka lokacin gwaji, ka ɗauki mota ta kai ka ƙofar gida. In ka iya, ka taho da PS5 ɗin ma a jaka, a jona ta a shagon ka ga 1440 da 120Hz sun fito kafin kuɗi su bar hannunka.